Ranar da Aka Goge Mini Diski a Madawa

Na canza kwamfuta fiye da sau ɗaya tun daga wancan lokacin, kuma na shiga shaguna da yawa, amma abin da ya same ni a wani shago a Madawa ba zai taɓa fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Ni mai ɗaukar hoto da bidiyo ne a Buza, cikin ƙasar Adar. Buki, suna, saukar karatu, tarbon alhazai, duk ana kirana. Sai dai yawancin masu ba ni aiki ba su ne ke zaune a wurin bukin ba. Duk wanda ya san Adar ya san mazanmu ba su zama gida da rani. Wani yana Abijan, wani Libiya, wani Kamaru. Sai mutum ya kira ni daga can ya ce matarsa ta haihu, ko ƙanensa zai yi aure, in je in ɗauko masa. In na ɗauka sai in zauna in yi montaji, wato in yanke in haɗa, in sa sunaye, sannan in aika masa ta waya. Da idona yake ganin gidansu. Wannan shi ne aikina, kuma da shi nake ciyar da iyalina.

Kwamfutar da nake aiki da ita a lokacin, odinater kamar yadda muke cewa a nan, ta tsufa. In na kunna ta sai ta yi ta ƙugi kamar injin niƙa, ta yi zafi har ba a iya aza ta a cinya. Batirinta ya mutu, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai ta mutu tare da shi, aikin da ban adana ba ya tafi. Amma na san ta ciki da waje. Ko idona a rufe ina iya aiki da ita.

Wata rana a wani buki a Keita na haɗu da wani abokin sana'a daga birnin Tawa. Ya fito da tasa, siririya, marar nauyi, ta wani kamfani daban, kuma tsarin cikinta ma daban. A gabana ya haɗa bidiyon ɗaurin aure kafin a gama rabon goro. Ba ƙugi, ba zafi. Tun daga ranar na sa wa raina sai na mallaki irinta. Abin da ban tambaye shi ba shi ne wahalar da ya sha kafin ya saba da ita, shi ma bai kawo zancen ba.

Ana cikin haka wani mutum ya kira ni daga Abijan. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Tamaske, yana tallar takalma a can, kuma ya daɗe bai zo gida ba. Matarsa, wadda ta zauna da shi can ta dawo gida da ciki, ta haifa masa ɗansa na fari, shi kuma ba shi da halin zuwa suna.

Ya ce, "Rago da aski da taron mata, duk ka ɗauka. Amma abin da nika so ƙwarai shi na Baba. Ka zaunar da shi, ka bar shi shi yi magana iyakar son ranai. Kada ka katse shi."

Ranar suna na je da moto, wato babur, tun da safe. Bayan an yi addu'a an raɗa suna, mutane sun ragu, sai aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a ƙarƙashin rumfar kara. Dogon mutum ne, ya rame, amma muryarsa tana da kauri. Ya gyara rawaninsa, ya dubi kamara kamar yana duban mutum, ya fara. Ya kawo sunan mahaifinsa da na kakansa da na wanda ya haifi kakan. Ya faɗi yadda suka sauko daga tudu suka zauna a bakin fadama, da zamanin da kakanninsu ke kai wa Abzinawa hatsi duk kaka. Ya faɗi iyakar gonarsu, daga wace gawo zuwa wane dutse, da jeren duwatsun da ya yi da hannunsa don tare ruwa. Ya sa wa jaririn albarka. A ƙarshe ya ce wa ɗansa, "Kai kuma, ban ce ka bar nema ba. Amma ka taho gida in gan ka."

Da na koma gida na yi abin da na saba. Na kwafe komai a cikin kwamfuta, na sake kwafewa a cikin diski, wani ɗan akwatin ajiya ne kamar tafin hannu da nake haɗawa da waya, wanda aikina na shekaru ke ciki. Sannan na goge katin kamara, don akwai wani buki a gabana. Ajiya biyu ke nan, kuma a ganina abin da ke wuri biyu ba ya ɓata.

Ban kai ga yin montajin sunan ba sai na ji labarin wani shago a Madawa, a bakin kwalta, ya kawo irin kwamfutar da nake so. Na wani Alhaji ne, amma ƙanensa ke tsaye a kan kaya, magidanci mai fara'a da daɗin baki. Ya tarbe ni kamar ya san ni, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya fito da ita daga kwali ya aza mini a hannu.

Ban saya da ka ba, sai da na yi tambaya. Na ce masa ni duk rayuwata da ɗaya irin na saba. Manhajar da nake montaji da ita za ta hau wannan? Diskina fa? Injin da nake buga hotuna da shi fa?

Ya yi dariya ya ce, "Mai hoto, duk guda na. Odinater odinater ta, suna ɗai ya bambanta. In ka samu wata matsala, ga lambata, dare ko rana."

Ya ce in bar masa tsohuwar in yi ciko. Na ce aikina yana cikinta. Ya ce ai na ce akwai shi a diski. Na ce haka ne, amma ina so ya ajiye ta tukuna, kada ya taɓa ta sai na tabbatar sabuwar ta karɓi aikina. Ya ɗauke ta ya sa a ƙarƙashin teburinsa, ya ce, "Ga ta nan. Ba mai taɓa ta sai ka ce."

Yanzu in na tuna, nakan lura cewa duk tambayar da na yi masa bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba kafin ya amsa. A lokacin na ɗauka gwaninta ce.

Tun a daren farko a Buza na gane ba duk ɗaya ba ne. Na taɓa inda na saba samun harafin A sai Q ya fito, don jerin haruffanta na Ingilishi ne, ba na Faransanci da muka saba ba. Na nemi inda zan soka wayar diski, babu ramin da ya yi daidai da ita. Na kira shi, ya ce ai sai da wani ɗan abin haɗi, yana da shi, in aiko direba ya karɓa. Ban ce masa don me bai faɗa mini tun ina shagon ba, na aika aka karɓo. Da abin ya zo, diski ya buɗe, na ga aikina duka, raina ya kwanta. Amma manhajar montaji ta ƙi hawa sam. Injin buga hoto kuwa kamar ba a haɗa shi ba. Diskin ma gani kawai nake yi, in na ce in adana wani abu a cikinsa sai ta ƙi.

Na sake kiransa. Ya ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Na kira, ya ce yana da baƙi, zai kira ni. Bai kira ba. Washegari ya ce ba ya jina sosai, layi ba kyau. Daga nan sai wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ga shi lokacin kaka ne, an sayar da amfanin gona, bukukuwa sun yi yawa, ina ɗauka ina tarawa ba na iya haɗawa. Mutumin Abijan kuma yana kira a hankali, ba faɗa, yana cewa, "Ɗan uwa, hoton Baba fa?" Ina ce masa ya ƙara haƙuri.

Da na ga abin ba na waya ba ne, sai na sa kwamfutar da diskin a jaka na shiga motar Madawa. Na iske shagon cike da masu sayen wayoyi. Mutumin da ya sa aka kawo mini ruwan sanyi a zuwan farko ya ɗaga mini hannu kawai, ya nuna mini benci. Na zauna har aka yi azahar. Sai da shagon ya yi sauƙi ya ce in kawo.

Na jera masa matsalolin. Zancen manhaja ya ce sai na nemi masu montaji su ba ni tasu, shi ba ya da ita. Zancen injin hoto ya ce wataƙila injin ne ya tsufa. Diski kuwa ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya haɗa shi, ya yi ta buɗe nan yana rufe can, ina tsaye a kansa. Daga baya ya shiga wani wuri, wani rubutu ya fito da Ingilishi. Ni Faransancina ma na lakwal ne, ɗan abin da na koya a makaranta, Ingilishi kuwa ko kaɗan.

Na ce, "Mi yac ce?"

Ya ce, "Shina tambaya in a gyara diskin shi yi daidai da ita."

Na ce, "Ba shi taɓa kayan da ke ciki?"

Ya ce, "Ko kaɗan."

Ya danna. Wani ɗan layi ya gudu daga hagu zuwa dama, bai ɗauki lokacin da mutum zai sha kofin shayi ba. Sai ya buɗe diskin, ya jawo waɗansu bidiyoyin waƙa daga wayarsa ya zuba a ciki, ya juyo mini da fuskar kwamfutar yana murmushi. Ya ce, "Ka gani? Yanzu shina karɓa."

Na duba. Ban da waƙoƙinsa babu komai a ciki, fari fat. Na ce, "Ina aikina?"

Murmushin ya tafi. Ya zare wayar ya mayar. Ya kashe ya kunna. Ya sake zarewa. Ni dai ina tsaye ina kallo. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Diskin nan naka da ma shina da ciwo. Birus na gare shi, cutar odinater."

Ban yi masa gardama ba, don hankalina ya riga ya koma ƙarƙashin teburinsa. Na ce ya fito mini da tsohuwar kwamfutata. Ya gyara zaman wayoyin da ke gabansa. Sannan ya ce wani mai fataucin albasa daga wajen Sabon Gida ya saye ta don ɗiyarsa da ke karatu, kuma kafin su ba shi sun goge ta tas, kamar yadda suke yi wa kowace ta hannu. Na ce ai ya yi mini alkawari. Ya ce ya ga na yi kwanaki ban zo ba, ya ɗauka komai ya yi daidai. Wannan shi ne mutumin da nake ta kira ba ya ɗauka.

Ana haka Alhaji ya shigo daga masallaci. Dattijo ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya tambaye ni ko kwamfutar tana kunnuwa. Na ce tana kunnuwa. Ya ce ko allonta ya fashe, ko batirinta ba ya riƙe wuta. Na ce lafiyarta lau.

Ya ce, "To, Malam, garantinmu bisa wannan shike. Mu masu saida kaya na, ba masu koyarwa ba. Kai kac ce ita kaka so. Abin da ya wuce sai haƙuri."

Ya sa aka ɗauko wata jakar kwamfuta sabuwa ya miƙo mini, wai kyauta. Na dube ta, na ce ya bar ta. Na tattara kayana na fita. Ban ɗaga murya ba.

A tasha na kira abokin nan nawa na birnin Tawa. Da na faɗa masa sai ya ce kada in ƙara haɗa diskin da komai, in kawo shi yadda yake. Ya kai ni wurin wani mai gyara da ya san irin wannan aiki. Shi ya bayyana mini cewa tsarin ajiyar kwamfutocin biyu ne ya bambanta, kuma akwai ƴar manhajar da ake sawa sabuwar ta riƙa rubutu a tsohon diski ba tare da an goge komai ba. Ya ce zai gwada, amma ba ya yi mini alkawari.

Ya dawo da abubuwa da yawa, Allah ya saka masa. Sai dai sun dawo ba suna, ba tsari, lambobi kawai, sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya in ga mene ne. Hotunan bukukuwa da dama sun fito lafiya, waɗansu rabinsu toka-toka. Na samu yankan ragon sunan, na samu wanzami yana aski, na samu mata suna guɗa. Da na kai ga na tsohon sai ya buɗe. Ga shi a ƙarƙashin rumfa, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla. Daga nan hoton ya tsaya cik. Mai gyaran ya ce ga alama abin da aka zuba a diskin bayan gogewar ya hau kan wurin, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa.

Na kira mutumin Abijan na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Sannan ya ce, "To, ka koma ka sake ɗauka. An dai ce mini kwanan nan ba shi jin daɗi."

Da na isa ƙauyen na iske tsohon kwance a ɗaki. Ciwon shanyewar jiki ya same shi bayan sunan, ya ɗauke masa ɓari ɗaya da harshe. Ya gane ni. Ya dubi jakar kamara, ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, na fito waje na samu matarsa, tsohuwa ƴar ƙarama mai kaifin ido, tana tankaɗe.

Na ce, "Inna, abin da na ɗauka ran suna ya ɓace. Maganar Baba duka."

Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannunta. Ta ce, "Maganar da yay yi? Ai ina bayan zana ina ji. Kuma tun ina amarya nika jin ta. Kafa abinka."

Aka fito da shi, aka jingina shi da bango a ƙarƙashin rumfar. Surukarsa ta kawo jaririn ta aza masa a hannun da ke da lafiya, ta tallafe daga gefe. Inna ta zauna kusa da shi, ta gyara mayafi, ta fara kawo sunayen kakanni. Da ta kai na uku sai tsohon ya buga ƙafa a tabarma. Ta dube shi, ta kawo wani suna, ya sake bugawa. Ta yi tunani ta kawo wani, sai ya sunkuyar da kai alamar shi ne. Haka suka bi tudu da fadama da iyakar gona, tana faɗa yana gyara ta da ƙafa da ido. A wani wuri har suka yi ɗan musu a kan wata gawo, ita tana cewa ta faɗi tun shekarar fari, shi yana girgiza kai, matan gidan suna dariya a bayan zana. A ƙarshe ta ce, "Kuma ya ce bai hana ka nema ba, amma ka taho gida shi gan ka." Tsohon ya ɗago ya kafa wa kamara ido, bai kawar ba har na kashe.

A kwamfutar abokina na haɗa shi, don har lokacin ban iya tawa ba. Na aika. Da mutumin ya kira bai yi zancen abin da ya ɓace ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tun yaushe bakinai yak karkace hakanga? Ba su gaya mini ba." Kafin damina ya sauka gida. Ya iske mahaifinsa da rai, sun zauna tare har tsohon ya rasu bayan an yi girbi.

Akwai waɗanda na ba labarin suka ce ashe gogewar ta zama alheri. Ni ban yarda da haka ba. Muryar mutumin nan ta tafi, babu inda take a duniya, kuma yaron da aka sa wa albarka ba zai taɓa jin yadda kakansa ya faɗe ta ba. Abin da ya rage bisimilla ce da gyaran murya, na kuma ba su ita.

Kwamfutar kuwa ba ta da laifi. Abokina ya koya mini ita a hankali, na samu manhajar da ta dace da ita, na yi shekaru ina aiki da ita lafiya. Da a ce ranar farko ƙanen mai shagon ya ce mini bai san wannan irin ba sosai, in je in tambayi masu aiki da ita, da na tambaya, kuma da wataƙila a wurinsa zan dawo in saya.

Abin da na koya shi ne, in za ka bar abin da ka saba ka koma wani, mai sayarwar za ka fara dubawa kafin kayan. Yanzu ba na sakin tsohuwa sai sabuwa ta yi mini aiki a ɗakina na gani. Kuma in na tambayi mutum abu uku ya amsa duka ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba, sai in ƙara masa ta huɗu wadda na san amsarta. Ni ma a sana'ata mutane kan miƙo mini wayoyinsu, da hotunan iyayensu a ciki, su ce in gyara musu wani abu. In rubutu ya fito wanda ban gane ba, sai in janye hannuna, in ce wa mai wayar ban sani ba.